Idan Katafila Ta Tono Gatarin Aradu: Jagora Ga Magina Da 'Yan Kwangilar Zango

Mu 'yan zangon Kumasi da muke cin abinci da ginin ƙauye muna ganin cikin ƙasa fiye da yawancin mutane. Yau kana Aboabo kana lissafin buhunan siminti, gobe kana bayan Ejisu ana haƙa harsashin ajin makaranta, jibi ka bi tifa zuwa ramin burji a hanyar Techiman. A irin wannan yawo, ba daɗe ba jima, sai wata rana diga ta ci karo da abin da ba saiwa ba kuma ba dutsen banza ba.

Ni ranar ta zo mini a wani ƙauye arewa da Kumasi, muna share filin wani ƙaramin gini. Wani yaro cikin leburori ya miƙo mini dutse mai launin kore-kore, sumul, da kaifi a gefe ɗaya kamar bakin gizago. Ya ce, "Maigida, ga gatarin aradu." Na juya shi, na yaba, na jefa aljihu, aiki ya ci gaba. Bayan watanni na nuna wa wani malami mai binciken kufai. Bai tsaya kallon dutsen ba sai ya shiga tambaya: a ina aka same shi, zurfin nawa, wace irin ƙasa ce a wurin, me ke kwance kusa da shi? Ba ni da amsa ko ɗaya, kuma a lokacin an riga an zuba kankare a kan wurin. Har yau abin yana damuna. Na rubuta wannan jagora ne don kada wani ɗan'uwa ya maimaita.

Abin da malamin ya fahimtar da ni shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Darajar irin waɗannan kaya tana cikin kwanciyarsu a ƙasa. Ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Gatarin da ke kwance gefen gawayi da tsingaron tukunya da ƙashin akuya yana gaya wa masani wa ya zauna a nan, yaushe, me ya ci. Da zarar ka ɗauke shi, ko katafila ta cakuɗa hawan nan, labarin ya tafi, dutse kawai ya rage.

Ka san abin da idonka zai nema

Kafin a kai ga matakai, sai ido ya waye. Abin da aka fi cin karo da shi a tsakiyar Ghana shi ne kayan mutanen da masana suke kira al'adar Kintampo, da sunan garin da aka yi fitattun bincike a kogunan duwatsun kusa da shi. Sun rayu tun kimanin shekara 2500 zuwa 1400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba su san ƙarfe ba, amma suna kiwon awaki da tumaki da shanu, suna gina ɗakunan itace da yaɓen laka. A Birimi, can wajen tsaunin Gambaga, an sami geron da suka noma wajen shekara 3,500 da suka wuce, a kusa da Kintampo kuma an sami wake mai irin wannan tsufa. Gero da wake, abincin gidanmu. Ba a arewa kaɗai suke ba: an tono kufansu a tsaunin Boyase kusa da Kumasi, da Mumute kusa da tsohon garin Begho.

Gatarin aradu shi ne abin da kowa ya fi ganewa. Asantawa suna ce masa Nyame akuma, wato gatarin Ubangiji, har suna ajiye shi cikin tukunyar da ake ɗorawa a kan itacen Nyame dua. Mu da su duk mun ɗauka tsawa ce ke jefo shi. Amma hannun mutum ne ya goga shi a kan dutse har ya yi kaifi, shi ya sa wani lokaci za ka ga dogayen kwarmi masu santsi a kan falalen dutse a bakin rafi, nan ne mawasa.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: ɗan guntu mai faɗin yatsa biyu ko uku, falale, an yi masa zane-zanen layi a giciye kamar magogi. Masana sun yi masa laƙabi da sigarin yumɓu, kuma shi ne babbar alamar mutanen Kintampo. In ka ga guda ɗaya a ƙasar da aka tono, to ka tabbata akwai kufai a wurin. Sai tsingaron tukwane masu kaurin baki da adon ɗige-ɗige kamar an danna haƙoran mataji, da dutsen niƙa mai kwarmi da ɗansa, da dunƙulen ƙonanniyar laka mai shatar sanduna a jiki, wadda ita ce ragowar bangon ɗaki. Sai guntayen farin dutsen ƙanƙara masu kaifi, wasu ba su wuce farce ba. Irinsu ne mai binciken kufai Thurstan Shaw ya tono a kogon Bosumpra na Abetifi a 1943, kogon da daga baya aka gano mutane sun fara zama cikinsa fiye da shekara 12,000 da suka wuce. 'Yan'uwanmu na Nima da Mamobi da ke aiki a filayen Akra su sani cewa a Asokrochona, inda aka datse tudu don layin dogo tsakanin Akra da Tema, aka ga manyan kayan dutsen da suka girmi duk waɗannan nesa ba kusa ba.

Amma alamar da ta fi duka ba kaya ba ce, launin ƙasa ce. Kana haƙa jar ƙasa ko marmara, sai ka ga baƙin zirin ƙasa mai toka ya ratsa bangon rami, ko wani baƙin da'ira kamar bakin rijiya da aka cike. Wannan tsohon juji ne, ko murhu, ko ramin ginshiƙi. Direban katafila shi ya fi kowa ganin wannan daga kujerarsa, don haka shi ne mutum na farko da za ka zaunar ka koya wa.

Mataki na farko: kashe inji

Ba rage gudu ba, ba "bari mu ƙarasa wannan layin" ba. A kashe. Bokitin katafila ɗaya yana kwashe abin da masu bincike za su yi mako suna tonowa da cokalin magina. Tun ranar da aka buɗe aiki, foman ya gaya wa kowa, har ƙaramin lebura mai ɗaukar kwanon sarki, cewa yana da ikon ɗaga hannu ya tsayar da inji in ya ga wani abu, kuma ba za a zage shi ba in ta tabbata dutsen banza ne. In yaro ya san za a yi masa tsawa, shiru zai yi.

Daga nan a tsayar da tifa. Wannan mutane suna mantawa. In an riga an kwashi lodi daga wurin, a rubuta inda aka juye shi, kada a baza shi, kada a cike wani rami da shi. Tulin ƙasar da ke gefen ramin ma a bar shi yadda yake, domin za a tankaɗe shi.

Mataki na biyu: kewaye wurin, a bar kaya inda suke

A kafa fegi, a ja igiya. Ni shawarata taku 20 zuwa 30 ta kowace fuska daga inda abin ya fito, domin kufai ba ya tsayawa iyakar abin da ido ya gani. Aiki na iya ci gaba a wajen igiya muddin manyan motoci ba za su bi ta ciki ba.

Abin da yake maƙale a ƙasa, a bar shi maƙale. Kada a zaro tukunya don a ga cikinta. Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma na san dalili: kowa ya ji labarin tukunyar zinariya da mutanen da suka binne. To mutanen Kintampo ba su san zinariya ba, ba su san tagulla ba. Abin da ke cikin tukunyarsu ƙasa ce, wataƙila da 'yan ƙwayoyin hatsi da suka ƙone, kuma waɗannan ƙwayoyin su ne dukiyar wurin. In an fasa, an zubar da su a banza.

Abin da inji ya riga ya fitar kuwa, a tattara shi da hankali. Na kowane wuri a ledarsa daban, a rubuta a takarda inda aka tsinta da ranar, a saka ciki. Kada a wanke, kada a kankare da wuƙa, kada a liƙa fasassun da gam. Baƙin da ke manne a cikin tsingaro sau da yawa ragowar abinci ne, ana iya gwada shi.

Gawayi yana da nasa hukunci. Da shi ake gane shekaru, ta hanyar auna wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da rabi duk shekara 5,730 bayan mutuwar itace ko dabba. Gwajin yana kaiwa har wajen shekara 50,000, amma ƙazanta kaɗan tana rikita shi. Don haka kada a taɓa shi da hannu, kada a sha sigari a kansa, kada man dizal ya ɗiga a wurin. Abin da ya fi shi ne a bar shi a bangon ramin. In ya riga ya faɗo, a ɗauka da tsabtataccen cokali a naɗe cikin takardar alminiyam irin ta naɗe abinci.

Mataki na uku: hoto da rubutu

Wayar hannunka ta isa. Ɗauki hoto daga nesa yadda za a ga ramin da wata alama da ba ta gusawa, kamar bishiya ko kusurwar gini. Matso ka ɗauki bangon ramin daga sama har ƙasa, da tef ɗin awo a miƙe, yadda za a karanta zurfin. Sannan na kusa, da kwabon sidi 1 a gefen abin don a gane girmansa. Ajiye sanda tana nuna arewa a cikin hoton. Buɗe manhajar adireshi ta GhanaPostGPS ko taswirar waya ka ɗauki lambar wurin kana tsaye a kansa. A littafin aiki ka rubuta rana da lokaci, wanda ya fara gani, da injin da ke aiki.

Hotunan nan na injiniya ne da hukuma. Kada su hau Facebook ko TikTok, kada su shiga zauren WhatsApp na unguwa. Abin da ya faru a ƙasar Koma, wajen Yikpabongo a arewacin Ghana, ya ishe mu darasi. Mai binciken kufai James Anquandah ya yi tono a can a 1985, mutum-mutumin yumɓun wurin suka yi suna a duniya, masu haƙar sata kuma suka yi ta kwasa ana fitarwa Turai. Haka aka yi wa kayan Nok a Najeriya, waɗanda ma'aikatan haƙar kuza ne suka fara tono su. Wurin da labarinsa ya bazu da rana, da dare ake zuwa masa da fitila.

Idan ƙashin mutum ne

Nan komai ya canza, kuma ina roƙon a yi taka-tsantsan. A rufe shi da tsabtataccen ƙyalle, a kori 'yan kallo, a kira 'yan sanda kafin kowa, domin ba kai ne za ka yanke hukuncin cewa tsoho ne ko sabo ba. Sai a sanar da sarkin gari. Dattawa sukan san inda tsohuwar maƙabarta take ko da daji ya cinye ta. In ka ga mamacin yana kwance a gefen dama yana fuskantar alƙibla, mai yiwuwa kabarin Musulmi ne na wani tsohon zango, irin na kakanninmu fataken goro, sai a haɗa da limami da sarkin zango. Ko na wane zamani ne, ko wane addini ya bi, ɗan Adam ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Kada a ɗauki hotonsa don nishaɗi, kada wani ya tafi da haƙori ko ɗan yatsa da sunan haɗa magani.

Mataki na huɗu: sanarwa

Fara da injiniyan da ke duba aikin da mai aikin, a waya nan take, sannan a rubuce a ranar. Rubutun nan shi ne garkuwarka in maganar jinkiri ta taso.

Sai hukuma. Wadda doka ta ɗora wa alhakin ita ce Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ghana, wadda aka fi sani da GMMB. Hedikwatarta tana Akra tare da gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1957, tana kuma da ofis a Kumasi. Dokar gidan tarihi ta 1969, mai lamba 387, ta wajabta wa wanda ya gano kayan tarihi, da mai filin, su sanar da hukumar ba tare da ɓata lokaci ba. Dokar ta hana tono don neman irin waɗannan kaya sai da izininta, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje sai da takardarta. Wanda ya zo maka da kuɗi a hannu yana cewa zai saya, matsala ya kawo maka. Wasiƙar ba ta buƙatar dogon Turanci: ga wurin, ga ranar, ga abin da aka gani, ga hotuna, ga lambar waya, an tsayar da aiki a wurin. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Sashen binciken kufai na Jami'ar Ghana da ke Legon su ne suka fi yawan ƙwararru a wannan fanni, kuma babu laifi a aika musu kwafi.

Kada ka tsallake gari. A ƙasar Asante fili na kujerar sarauta ne, mu baƙi ne masu aiki a kai ko da an haife mu a Asawase. Ka nemi asambiliman, wato kansilan yankin, ya raka ka wurin odikro, wato sarkin ƙauyen, ka yi magana ta bakin okyeame, mai magana da yawun sarki, yadda al'ada ta tanada: "Nana, mun ga wani abu a filin da kuka ba mu, mun tsayar da aiki, mun zo ku fara ji daga bakinmu." In sun ce za su yi al'adarsu a wurin, wannan hurumin masu ƙasa ne. Kai dai ka roƙa da ladabi kada a ɗauke komai, kada a zuba wani abu a kan kayan kafin masu bincike su iso. Na ga yadda sarkin da aka girmama da sanarwa yake zama mai gadin wurin da kansa, wanda aka ɓoye wa kuma ya ji a bakin yara yakan rufe aikin gaba ɗaya.

Mataki na biyar: tsare wurin kafin su zo

Ruwan Kumasi ba ya jiran kowa, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Oktoba. A shimfiɗa tamfol a kan wurin, a danne gefensa da bulo, a yanka ƙaramar magudana daga sama don ruwa ya kewaye ramin. In jiran zai yi tsawo, a zuba yashi mai tsabta a kan tamfol ɗin, kauri kamar taƙi ɗaya. Ramin da ya wuce ƙugu zurfi kada kowa ya shiga sai an tokare bangonsa. Mai gadi ya kwana, kayan da aka tattara kuma a kulle su a ofishin aiki, a rubuta adadin ledojin a littafi, mutum biyu su sa hannu.

Maganar kuɗi da lokaci

Ga abin da ke sa ɗan kwangila ya ce wa direba, "Malam, tura ƙasa ka rufe, ba mu ga komai ba." Hayar katafila da awa ake biya, leburori suna jiran kuɗin yini, wa'adi yana matsowa. Ban raina wannan tsoron ba, na ɗanɗana shi. Amma ka buɗe takardar kwangilarka ka karanta. Ayyukan da Bankin Duniya da makamantansa ke ba da kuɗinsu suna ɗauke da ƙa'idar abin da za a yi in an ci karo da kayan tarihi ba zato, kuma tsayawa wajibi ne a cikinta. Kwangilolin da aka rubuta bisa tsarin FIDIC, wato samfurin kwangilar gini na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, suna da sashe a kan wannan, a bugun 1999 shi ne na 4.24, wanda ya ba ɗan kwangila damar neman ƙarin lokaci da kuɗin da ya kashe in umarnin injiniya ya jawo jinkiri, da sharaɗin ya sanar a kan lokaci. Manyan ayyukan da suka bi ta hannun hukumar kare muhalli, EPA, su ma akan duba wannan a rahotonsu. In aikinka na mutum ɗaya ne, gidan gona ko masallacin ƙauye, ka sa layi biyu a yarjejeniya tun farko: in an ga kayan tarihi za a tsaya a wurin, kwanakin tsayawa ba za a lissafa su a kan magini ba.

Kuma sanarwa ba ta nufin an ƙwace fili. Madatsar Akosombo da ta Bui duk an gina su, masu bincike sun shiga gaba sun ceci abin da za su iya kafin ruwa ya rufe. Haka ake yi a ƙaramin aiki.

Idan masu bincike sun iso

Za su fara da zagaya filin da ƙafa suna duba ƙasa, su goge bangon raminka da cokali su karanta hawan ƙasar. Sau da yawa sukan yanka ƙananan ramukan gwaji, mita 1 a mita 1, suna sauka kaɗan-kaɗan kamar santimita 10 a lokaci guda, suna tankaɗe kowane kwano a rariya. Daga nan sai ɗaya cikin huɗu. Ko su rubuta abin da suka gani su sallame ka. Ko su ce a ci gaba da haƙa amma mutuminsu yana tsaye gefen inji, ana kankare ƙasa siriri-siriri da bokiti marar haƙora, yana ɗaga hannu in wani abu ya bayyana. Ko su nemi kwanaki su tone wurin da kansu. Ko kuma, in wurin yana da girma, su ba da shawarar a gusar da ginin ko a ɗauki burji a wani rami. A ƙauye, inda fili yake da yalwa, gusar da harsashi taku kaɗan sau da yawa ya fi komai sauƙi.

Ka ba su leburori biyu ko uku masu natsuwa. Yaranmu sun iya diga da shebur, kuma wanda ya yi mako guda yana tankaɗe ƙasa da masani ya zama idonka a duk aikin da za ku je nan gaba. Ka miƙa musu ledojin da littafin da hotunan, su sa hannu sun karɓa. Ka nuna musu inda tifa ta juye lodin farko. Ka haɗa su da yaron da ya fara gani, domin shi ya san ainihin yadda abin yake kwance kafin a taɓa, ka kuma roƙa a sa sunan garin da na ma'aikatan a rahoton, a aiko wa sarki da makarantar garin kwafi.

Kafin ka sake tayar da inji a cikin igiyar nan, ka karɓi izini a rubuce, mai kwanan wata da sa hannu, wanda ya fayyace iyakar inda aka sallama da inda ba a sallama ba. Ka ba injiniya kwafi, ka liƙa ɗaya a littafin aiki, sannan a cire fegin.